Dogon Babur a Bakin Mashigi

Akwai wani mutum, manomin riɗi, wanda ya tsaya a ƙofar majami'a wata Lahadi bayan an tashi sujada, ya dafa sabon baburinsa ya ce, "Jama'a, ku dube shi da kyau. Wannan ba ya tambayar hanya. Dutse ne, yashi ne, ruwa ne, duk ɗaya ne a wurinsa. Kogin nan namu ma sau uku na ƙetare shi a kai, ko takalmina bai jiƙe ba."

Maza suka ce, "Kai!" Mata suka riƙe haɓa.

Babur ɗin kuwa, tsakani da Allah, abin kallo ne. Ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Irin wanda masu yawon duniya suke hawa su ratsa daji ne, dogo, tayoyinsa da manyan haƙora, tankinsa ya kusa tulu. In ya faɗa rami sai ka ji kamar kana kan katifa. Amma yana da aibu biyu. Nauyinsa ya kai na maraƙi, in ya kwanta mutum ɗaya ba ya ta da shi. Ga kuma tsawo, mai shi kuwa gajere ne. In zai tsaya sai ya nemi dutse ko suri ya ɗora ƙafa. Shi ya sa kullum a gefen dakalin majami'a yake tsayawa, mutane suna tsammani inuwa yake bi.

Zancen ƙetare kogi kuwa, ko sau ɗaya bai yi ba. Kududdufin bayan gidansa yake zuwa da kwano, ya ɗebo laka ya yayyafa wa tayoyin, sa'an nan ya shigo gari yana huci kamar wanda ya sha hanya.

To, tsakanin garin nan da asibiti akwai kogi, ba gada. Da damina akwai mutanen da aikinsu ke nan a mashigi, ana ce musu 'yan fito. In ka zo da babur sai ka sauka, su zura gora ta cikin tayoyin, su saɓa a kafaɗa, su bi ta kan wasu duwatsu da ke ƙarƙashin ruwa. Duwatsun nan ba a miƙe suke ba, sun karkata sama, kuma ba mai ganinsu sai wanda ƙafarsa ta san su. Babbansu wani dattijo ne, Baba Nehemiya. Mutumin nan ya taɓa ce masa a gaban jama'a, "Baba, ku fara neman wata sana'a. Nan gaba kowa irin nawa zai saya."

Sai ya zama wata ranar kasuwa, cikin watan Agusta, matarsa, wadda ake kira Maman Godiya, tana cire ciyawa a gona da hantsi, ta ji abu ya cake ta a idon sawu. Ta duba, ga kububuwa tana jan jiki. Kafin a kawo ta gida ƙafar ta fara kumbura, jini kuma yana tsattsafowa daga dasashinta. Wanda ya san macijin nan ya san in jini ya fara haka, ba zama.

Mutumin ya ta da babur. Aka ɗora ta a bayansa, ƙanwarta Liyatu ta hau can baya ta rungume ta.

A nan babur ya nuna ko shi wane ne. Hanyar da ruwa ya zaizaye, wadda ƙananan babura suke bi kamar masu tatata, shi haye ta yake yi. Ya hau tudu da mutum uku bai yi tari ba. Ya ratsa taɓo, ya ratsa tsakuwa. Tafiyar da ake yi a sa'a guda, ya yi ta a rabi. Liyatu tana cewa, "Yaya, daure, mun kusa. Allah ya yi wa babur ɗin nan albarka."

Suka iso mashigi. An yi ruwa a kan tudu da safe, kogi ya kawo, ja wur, yana tafe da karare da rassa. Bakin ruwa cike da 'yan kasuwa, wannan gaɓa da waccan, duk ana jiran fito. Mutumin ya lalubi wani kututture ya ɗora ƙafa.

Baba Nehemiya ya dubi ƙafar matar, ya dubi bakinta, ya ɗaga murya, "Ku ajiye kayan kowa! Maciji ne!" Sa'an nan ya ce wa mutumin, "Sauka, ɗana. Biyu za su ɗauke ta. Naka yana da nauyi, amma mutum takwas da gora biyu za mu kai shi. In ka hau a hayin can, yanzu ka isa."

Mutumin ya ɗaga ƙafa zai sauka. Sai ya ji wani cikin taron ya ce, "Ai wannan ne babur ɗin da ba ya bukatar fito. Yau za mu gani da idonmu."

Ƙafar nan ta koma inda take.

"Baba, ku ba ni hanya," in ji shi. "Ba yau na fara ba."

"Da ka ƙetare sau ukun nan, ta ina ka bi?"

Mutumin ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar ruwa, sak. 'Yan fito suka dubi juna. Inda ya nuna, nan ne gurbin da ya ci saniya bara.

Matar ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Baban Godiya, don Allah ka sauka. Ina ganin duhu."

"Yi shiru, Maman Godiya, ki riƙe ni da kyau."

Ya murɗa mai, inji ya yi ruri. Sai dattijon ya sha gabansa, ya kama ƙahon babur da hannu biyu. "Ranka naka ne, ka kai shi inda kake so. Amma matar nan ba za ta shiga ruwa a kan wannan abu ba, sai dai ka bi ta kaina. Ku sauke ta!"

Aka sauke ta, Liyatu tana kuka. Ƙarfafa biyu suka haɗa hannu suka ɗora ta, suka shiga, ruwa har ƙirji, suna taka dutse ɗaya bayan ɗaya. Wani ya riƙe hannun Liyatu, suka bi bayansu.

Shi kuwa, maimakon ya jira gora, sai ya sa giya ya danna.

Taku goma na farko babur ya yi abin kirki, ruwa yana tsagewa dama da hagu, har wasu suka fara tafi. Daga nan tayar gaba ta zame daga kan dutse. Ya sauke ƙafa zai dafa ƙasa, ina ƙasa? A tudu ma ƙafar ba ta kai ba, balle a ruwa. Injin ya shaƙi ruwa ya mutu. Babur ya kwanta a kansa, ya danne masa cinya, ruwa yana rufe masa fuska yana buɗewa.

"Baba! Baba Nehemiya! Ku cece ni!"

Shida suka faɗa ruwa. Yayin da suke kokawa da ƙarfen nan, an kai matar hayi, amma ba abin da zai ɗauke ta. Sai wani mai tallar gishiri, wanda aka riga aka ƙetarar da tsohon baburinsa, ya kwance buhunansa ya zubar a ƙasa, ya ce, "Ku ɗora ta." Ya tafi da ita da Liyatu, salansar babur ɗin tana ta hayaƙi, a hankali, a hankali, domin iyakar gudunsa ke nan.

Aka jawo mutumin zuwa gaɓa, yana aman ruwa, takalmi ɗaya ya tafi. Jama'a suka kewaye shi. Da numfashinsa ya dawo, ya zabura ya riƙe rigar dattijon ya ce, "Baburina! Baba, ina baburina? Kada ruwa ya tafi da shi!"

Dattijon ya dube shi.

"Yana nan a kwance, nauyinsa ba zai bar shi ya je ko'ina ba," in ji shi. "Ba ka tambayi matarka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mutumin ya waiga hayi, ya waiga cikin taron, bai san ma wanda ya ɗauke ta ba.

Ma'anar misalin nan ita ce, 'yan'uwa. Babur ɗin shi ne baiwar da Ubangiji ya ba kowannenmu: wani ƙarfi, wani ilimi, wani baki mai daɗi, wani abin hannu. Kada wani ya fita nan ya ce na ce babur zunubi ne. Babur ɗin nan ya yi aikinsa. Matar ta rayu, bayan mako uku a gadon asibiti, kuma rabin sa'ar da babur ɗin ya rage musu a hanya yana cikin abin da ya cece ta. Amma kowace baiwa tana da inda take ƙarewa, kuma mai ita ya fi kowa sanin wurin. Mutumin nan ya san ƙafarsa ba ta kai ƙasa.

Lakar kududdufi ita ce shaidar ƙarya da muke shafa wa kanmu. Mukan ce mun gwada bangaskiyarmu a manyan ruwaye, alhali ko bakin gaɓa ba mu je ba. Ranar Lahadi ƙaryar nan ba ta da nauyi. Ranar da kogi ya kawo, ita ce take hana mutum sauka.

'Yan fito su ne 'yan'uwanmu a cikin ikkilisiya, waɗanda Allah ya ajiye a bakin ruwa domin su ɗauke mu. Sau da yawa su ne waɗanda muka raina. Ubangiji bai ce kowa ya ƙetare shi kaɗai ba, kuma ba abin kunya ba ne a ga an saɓa ka a kafaɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne na ƙarshe. Mutumin nan yana ƙaunar matarsa, kun ga yadda ya yi gudu da ita. Amma ya yi watanni yana goge ƙarfe yana zancen ƙarfe, har ƙarfe ya shiga gaban layi a zuciyarsa bai sani ba. Bakinsa ne ya tona shi.

Saboda haka kowa ya koma gida ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa: in aka tsamo ni daga ruwa yau, sunan me zan fara kira?