Ranar da Biri ya sa aka sallami Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo, mun baza kunne.

Dabbobin wani daji suna da ƙungiyar ƙwallon kwando, da ita suke ci suke sha. Biri ke jefa ƙwallo. Kunkuru kuwa tsayawa kawai yake, ya tare wa abokin hamayyar da ke gadin Biri hanya da ƙoƙon bayansa.

Biri ya sami Giwa, kocinsu. "Ranki ya daɗe, sau talatin nake jefawa a wasa. Tsohon nan bai taɓa jefa ko ɗaya ba. A cire shi, a sa ƙanena."

Kunkuru ya ce, "Ɗan nan, me kake tsammani ke barin ka kai kaɗai a gaban kwando?"

"Guduna mana, Baba!"

Aka sallami Kunkuru.

Ranar wasan kofi, Kura, 'yar ƙungiyar abokan hamayya, ta liƙe wa Biri, ba mai tare ta. Ƙanensa na gefe yana ihu, "Yaya, ba ni in jefa!" Kofi ya kuɓuce musu.

Biri ya je gidan Kunkuru ya durƙusa, yana roƙon ya dawo. Tsoho ya juyo masa baya, ƙoƙon duk ya tsattsage.

"Kowace tsaga ƙwallo ce da ka ci. Na gaji, ɗana."

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.