Tsintau, Zabuwar da Kaza Ta Ƙyanƙyashe

Ga ta nan, ga ta nan ku, tana tafe da jan zare a ƙafa.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda zaren ya kai ta.

To ku gyara zama. Mai son dariya ya nemi wata tsohuwar, ni yau ba ita na kawo ba.

Wata mata ce ana kiranta Yalwa. Da damina ta shiga daji yankan ciyawa, sai ta ci karo da gurbin zabuwar daji, ƙwai biyu a ciki. Ta ɗauke ɗaya, ta bar ɗaya. Ta kawo gida ta sa wa kazarta Fingi, mai juyayyen gashi, da ke kwanci. Haka ake yi, kun sani. Zabuwa ba ta iya reno ba, jan 'ya'ya take cikin raɓa har sanyi ya kashe su, shi ya sa ake ba kaza aikin.

'Yan tsaki suka fito, ƙwan nan ya ƙi fashewa. Fingi ta ƙara kwanci har ƙirjinta ya kwaile. Da ya fashe, aka sa wa 'yar suna Tsintau. Yalwa ta ɗaura mata jan zare a ƙafa don a san tata ce.

Fingi ta koya mata abin da kaza ta sani. In inuwa ta gifta daga sama, a ruga ƙarƙashin rumbu. Kare da mutum na gida ne, ba a gudun su. In kuwa kin ga tsaba, kada ki kuskura ki ci ke kaɗai, ki kira 'yan'uwa: "Kut-kut-kut, ku zo mu ci!"

Me 'yan tsaki ke cewa?

"Ga mu nan, ga mu nan!"

Yauwa. Duk cikinsu ba wadda ta riƙe karatun nan kamar Tsintau.

Amma da ta tasa, sai wani abu ya tasa tare da ita. Magariba ta yi, kaji suka shiga akurki, ita ta haye bishiya.

Fingi ta ce, "Sauko, 'yar nan. Wa ya koya miki hawa?"

"Ba kowa, Inna. Fiffikena ne ya hau, na bi shi."

Yalwa ta kamo ta, ta fige mata fiffike.

Sai murya ta fito. Zakara ya ce, "Ke Fingi, wannan 'yar taki mai sanƙo, mai murya kamar ana jan kwano a kan dutse, a ina kika samo ta?"

"A ƙarƙashin ƙirjina na samo ta, kai da ko tsakuwa ba ka taɓa ɗumamawa ba."

Tsintau ta yi ta ƙoƙarin kukan kaza har maƙogwaronta ya bushe. Kiran tsaba kaɗai ya zauna mata.

Sai ta fara ƙwai. An gyara mata kasko da toka a bayan ɗaki, ta ƙi, ta tsallaka danga ta zuba cikin ciyawa. Ko da Yalwa ta gano su, sun ruɓe. Ta bi ta da kara, tana cewa, "Jinin daji! Na ci da ke, na shayar da ke, ba ya wankuwa!"

To akwai Kurege, da ke son gyaɗar rumbun Yalwa. Da ya leƙo, Tsintau ta ƙwalla ihu, kare ya taso. Ran da aka doke ta, ya same ta a bayan danga.

"Sannu, mai gadi. An biya ki ladan gadin da kara?"

"Gidanmu ne."

"Gidanku? Leƙa kaskon ruwa ki nuna mini wanda ya yi kama da ke. Naku suna gindin kalgo, ƙetaren rafi. Akwai wata can, in kun jeru, uwar da ta haife ku ma sai ta rikice."

Ya dai so gyaɗa, amma bai yi ƙarya ba. Tsintau ta jira fiffikenta ya tofo, ta ƙetare rafi.

Ta tarar da garken zabi, ta kuma tarar da ita: 'yar ƙwan nan da Yalwa ta bari a gurbi, ana kiranta Ta-Gurbi. Ɗigonsu ɗaya, sanƙonsu ɗaya, muryarsu ɗaya. Ta-Gurbi ta zagaya ta, ta ce, "Ashe kina raye, 'yar'uwa! Mene ne wannan a ƙafarki?"

"Ado ne."

"Cire shi."

Suka tsattsaga, zare ya riga ya shige cikin fata.

Ta-Gurbi ta nuna mata ƙwan da take tarawa a gindin kalgo. Ranar nan Tsintau ta hau itace, ba wanda ya ce ta sauko. Ta ce a ranta, na iso.

Sai shaho ya gifta. Zabi suka lafe cikin ciyawa. Tsintau ta yi ta gudu a fili tana neman rumbu. Da ƙyar ta sha, ta bar gashin wutsiya.

Sai kare ya ɓullo. Zabi suka tashi fir. Tsintau ta tsaya tana masa sannu da rana, har sai da Ta-Gurbi ta dawo ta bangaje ta.

Manyan garke suka ce, "Wannan rigarmu ce a jikinta, amma kaza ce a ciki. A kore ta."

Ta-Gurbi ta ce, "Gurbinmu ɗaya. Jini zai tuna mata."

Tsintau ta rasa da me za ta saka wa 'yar'uwarta. Wata safiya tana kiwo, sai ga gero warwatse a ƙarƙashin wata bishiya, fari tas. Ba ta tsinci ko ƙwara ba. Yarinya mai tarbiyya ce. Ta ɗaga kai ta yi kira: "Kut-kut-kut, ku zo mu ci!"

Ta-Gurbi ta san gero ba ya zuba kansa a daji. Amma muryar 'yar'uwarta ce, muryarta ce sak. Ta taho, rabin garke na biye da ita.

Me suka ce?

"Ga mu nan, ga mu nan!"

Raga ta faɗo.

Cikin raga Ta-Gurbi ta juyo da ƙyar. "Wa ya ce miki ana kira a kan gero?"

"Innata. Ta ce shi ne kirki."

"Kirkin can ne, 'yar'uwa."

Mai tarko ya zo da wuƙarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan Tsintau, ya ga jan zare, ya ce, "Af, ta Yalwa ce." Ya ɗaure ta daban. Ya bi sawu har gindin kalgo, ya kwashe ƙwan Ta-Gurbi cikin hularsa. Ya kai wa Yalwa zabuwarta, ya ce, "Ga ƙwai kuma, in kina da mai kwanci."

Tana da ita. Fingi ce.

Tsintau ta ja ƙafa har bakin akurki. "Inna, na dawo."

Fingi ta tayar da gashi, ta kai mata sara. "Matsa can! In ina kan ƙwai ban san kowa ba. Ba ni na zaɓa ba, haka aka yi ni."

Tsintau ta hango su ƙarƙashin ƙirjin nan da ya kwaile, ƙanana, masu tsini. Ta gane su.

"Inna, abu ɗaya nake roƙo. In sun fito, kada ki koya musu kiran tsaba."

Fingi ta gyara kwanci. Ta ce, "To me zan koya musu? Shi na iya."

Tsintau ta haye bishiyar bakin danga. Shi ya sa har yau zabuwar gida ba ta kwana a akurki, ba ta kuma komawa daji, tana can sama tsakani tana ihu ba mai amsa mata. Jini ba ya barin mutum, reno ma ba ya barin sa. In wurinsu ɗaya, ka gode Allah. In aka raba su, kai ne za ka yage. Don haka kada ku ɗauko ɗan kowa daga inda aka ajiye shi kuna cewa gata kuka yi masa.

Ƙurunƙus, kan zakaran Yalwa. Ku tashi, zaren ya ƙare.