Keken Aƙilu a Ɗakin Inno

Akwai wani saurayi mai suna Aƙilu, a wani ƙauye tsakanin Bakori da Funtuwa, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. In an kira gayyar noma, shi ke shiga gaba. Makaɗa ba sa taɓa ganga sai sun hango shi.

Sai ya samu aikin awon auduga a Funtuwa. Aikin zama ne. Ya sayi keke, ya daina taka ƙasa. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa tana iyo cikin mai, da yamma tsire. Tuwon dawar uwarsa Inno kuwa, wai ƙauri yake masa. Kafin damina ta faɗi, rigarsa ta salla ta ƙi shiga.

Yana neman Barakatu, 'yar Baba Manu, ita ma tana son sa. A garin nan, mai neman aure sai ya kai wa suruki gayya, kuma shi zai ja gaba da kansa.

Ranar noman fari aka jera a gonar Baba Manu, kowa da kunyarsa ta dawa. Aƙilu bai kai rabi ba numfashi ya sarƙe, ya zube kan shuka.

Makaɗi ya ɗaga murya: "Jama'a, a kawo wa mai awo kujera!"

Aka bushe da dariya. Baba Manu bai yi ba.

"Tashi mini daga kan dawa! Da wannan tumbin za ka ciyar da 'yata? Ran da aka sallame ka daga awo, keke za ta ci? Na ba ka zuwa lokacin huɗa. Ka kai kunya ƙarshenta, ko kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidana."

Aƙilu ya yi rantsuwa zai gyara. Ya fita gona da sassafe har jiki ya yi tsami. Daga nan sai dalilai. Yau hadari, gobe ciwon baya. Jibi aka gan shi gaban mai tsire.

Wata safiya ya fito bai ga keke ba. Ashe Inno ta tura keken ɗakinta ta datse da kwaɗo.

"Inno, ina kekena?"

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai! Ubanka da furfura ya bar duniya, ba a taɓa ɗauko shi daga tsakiyar gona ba. Ni kuma yau a bakin rijiya ake tambayata wata nawa cikinka!"

"Haba Inno, jikina ciwo yake."

"Zai daina. Ga koko nan, babu sukari. Sha ka biyo ni."

Ta saɓa fartanya ta yi gaba. Tsohuwa da sanda. Da wane ido zai koma ya kwanta?

Haka suka yi kullum, da yake awo ya tsaya sai kaka. Ran da ya ji ƙarfi, ya yi da yawa. Ran da bai ji ba, ta ce ya yi kaɗan, amma fita dole. Kasuwar Bakori a ƙasa. Abinci tuwo da miyar kuka, kwaɗon zogale, fura in rana ta take. Tsire sai ranar kasuwa, tsinke ɗaya. Ya yi fushi, ya yi gunaguni, har ya yi yaji ya ƙi cin tuwo. Ta rufe kwanon ta ce yunwa za ta yi musu sulhu.

Ranar huɗa ta zo. Aƙilu ya kama garma. Samari suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. A daidai inda ya faɗi wancan karo, ya fara jan ƙafa. Ya hango Barakatu da tulun ruwa a kai, ta tsaya cak. Ya cije ya ci gaba.

Shi ne na ƙarshe da ya fita. Ya tsaya yana haki, kai a sunkuye.

"Baba, an riga ni."

Baba Manu ya bi kunyar da ido tun daga farko har ƙarshe.

"Na ce ka riga wani? Cewa na yi ka kai. Turo manyanka."

Inno ba ta fito da keken nan ba sai bayan girbi.

Darasi: Jiki amana ne. Wanda ya sangarta shi da zama da maiƙo, ranar buƙata zai yashe shi gaban jama'a. Kada ka jira sai ka ji marmari kafin ka motsa. Fita kullum ko kaɗan ne, ka ci abin da zai riƙe ka. Ku tura wa wancan da ke kwance yana cewa sai gobe.