Romon 'Yan Shila

An yi wani mutum a ƙasar Buza. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Gidansu gidan tantabara ne tun kaka. Kakan ya rataye tukwane a katanga, uban ya gina akurki, shi da ƙanensa Munir suka tashi da kashin tantabara a tafin ƙafa. Bayan girbi akan zuba tantabarun gari a keji, a ɗaure a moto, wato babur, a kai Garhanga a saki. Wanda tasa ta riga sauka gida, shi ne gwanin shekara. Da wuya a riga gidan nan.

Da uban ya rasu aka raba tsuntsayen biyu, Munir ya gina nasa akurki a sabon gidansa. Shekara uku a jere tasa ce ke riga sauka. Uwa ɗaya uba ɗaya, ya 'yan uwa, ina abin baƙin ciki a nan? Amma a majalisa an fara tsokanar babban, ana cewa, "Ashe hannun tsoho ga ƙarami yat tahi." Wannan magana ta hana shi jin daɗin tuwo.

Saura kwana biyu tsere, babban ya jiƙa gero a ƙwarya da maganin ƙwarin albasa, ya watsa da sassafe bayan katangar Munir, inda tantabarun ƙanen suke sauka kiwo. Ya kulle nasa akurki, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

A lokacin 'yarsa Murja tana gidansa wankan jego, kwana biyar da haihuwar fari. A zuriyarsu kuwa romon 'yan shila ake ba mai jego. Da hantsi sai ga Munir da guda huɗu a kwano, ya yanka ya fige da hannunsa.

"Yaya, ga na ɗiyata," in ji shi. "Yanzu iyayensu sunka ƙare ɗura musu, dubi ƙiba."

Wa ya fi mutumin nan sanin cewa abin da tantabara ta tsinta, shi take ɗura wa ɗanta baki da baki? Ya sani sarai. "Kada a dafa" kawai zai ce. Amma in ya faɗa, za a tambaye shi dalili. Ya dubi kwano, ya tuna majalisa, ya ce wa ransa ai wuta za ta kashe dafin.

"Allah shi saka," ya ce. Ya miƙa wa matarsa Lalla.

Yana zaune ƙamshin yaji ya tashi. Yana zaune ya ji Murja na cewa a ƙara mata.

Da azahar Munir ya faɗo gidan ba takalmi, yana ihu: "Kada a sha! Tantabaruna na faɗuwa daga sama!" Kwanon ya riga ya koma wajen wanki. Kafin la'asar kumfa na fita a bakin Murja. Aka sa ta a mota, ba ta kai asibitin Madawa ba.

Kwana uku na zaman makoki mutane na kallon Munir da gefen ido, wansa na kusa da shi yana karɓar gaisuwa, bai buɗe baki ba. Lalla ce ta tsinci ƙwaryar a bayan rumbu, da sauran gero da warin magani. Ta fito da ita gaban jama'a ta dire wa mijinta a ƙafa.

"Kai kab ba ni kwanon," ta ce. "Kana kallo na hura wuta."

Jandarmomi suka tafi da shi. Ya yi shekarunsa a kurkuku ya dawo, ya tarar Lalla ta koma garinsu Tabotaki, an rushe akurkin gida biyu. Jaririyar da Murja ta bari, a gidan Munir ta girma, shi take kira kaka. Ta wuce mutumin nan a hanyar makaranta ba ta san ko wane ne ba.

Ya 'yan uwa, hassada ce ta watsa geron, amma ba ita kaɗai ta kashe Murja ba. Allah ya ba shi daga hantsi zuwa azahar ya tuba, ya zaɓi mutuncinsa a majalisa. Kai da ke ɓoye wani laifi yau don kada a ji, tambayi kanka wa ke shirin shan romonsa.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin ɗan uwa, ya buɗe bakinmu tun magana tana da amfani. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu. Amin.