Ranar da Aka Ce wa Murja Albarka

Akwai wata mata a Gusau, Murja mai man gyaɗa, wadda a damina ɗaya ta rasa ƙashin ƙugunta na dama, ta rasa zaman tabarma. Abin da ta samu a madadinsu shi ne ƙarfe a cikin jiki, da sanduna biyu, da wata kujera mai dogayen ƙafafu da ba ta son ko ganinta.

Rumfarmu ɗaya a kasuwa, zamanin da ake loda gyaɗa a jirgin ƙasa zuwa Kano. Kamar ita, ni ma mijina ya rasu, ni ma ba a tauye ni a ciniki, amma Murja ta fi ni. Ka taya kwalbar mai, ko kai ba ta ɗagawa, sai "Albarka." Kuma ba ta cin kyautar kowa. Ka aika mata tuwo, kafin ka wanke hannu kwanonka ya dawo cike da ƙuli-ƙuli.

Santsin mai ne ya kwashe ta a tsakar gida. Maɗori ya yi nasa, ƙafa ta ƙi. Ɗanta Halliru, ma'aikacin tashar jirgi, ya kai ta wani asibiti a Kano, aka cire kan ƙashin da ya farfashe aka sa na ƙarfe.

Likita ya ja kunne: ba zama a ƙasa, ba tsugunno, ba durƙuso, sai nama ya riƙe ƙarfen. In ya goce, ƙila ta yi sallama da tafiya.

To, mace a garinmu, me take yi ba a ƙasa ba? Ci a ƙasa, salla a ƙasa, bayan gida a tsugune.

Halliru ya sa Bawa kafinta ya yi mata kujera. Hajara, ƙanwar marigayin mijinta, ta baro gonarta a Tsafe ta zo jinya. Ita ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, ita ke bin ta a baya tana koyon taku da sanda.

Ciwon bai dami Murja kamar wannan hidimar ba. Duk ɗagawa ɗaya, sai ta turo wani abu, yau zane, gobe tasa. Hajara ta mayar cikin ɗaki.

"Yaya, ni ba ƙwadago na zo ba."

"To mi kika zo yi? Tara mini nauyi?"

"Nauyi ai kina da shi. Yayana dai ya yi haƙuri."

Ranar da mu matan kasuwa muka aika za mu zo dubiya, har da masu sayen manta na Bungudu, Murja ta aiki Hajara tasha da abincin Halliru, ta ce ta jira kwano. Sai ta tura kujerar bayan ƙofa, ta kama ƙyaure, ta zame a hankali har kan tabarma.

Haka muka tarar da ita, ɗaurin kallabi tsaf, tana dariya.

"Kai, Murja ta warke!"

"Da can wa ya ce ban da lafiya?"

Muka daɗe muna hira. Ni kaɗai na lura da gumin da ke bin wuyanta. Da aka watse na koma kamar na manta mayafi.

Na same ta ta dafa ƙasa tana son tashi, leɓe ya bushe, farce ya huda tabarma. An kira azahar tun ɗazu.

"Kada ki kira kowa," in ji ta.

Sai ga Hajara da kwano. Ta dire shi. Ta rungumo ta ta baya, ni na tallafi ƙafar, muka ɗora ta a gado. Allah ya rufa asiri ƙarfen bai goce ba, amma cinyar ta kumbura, ƙarar da Murja ta yi kuwa har maƙwabta sun ji.

Hajara ta gasa mata wurin da ruwan ɗumi, ta ba ta ruwan alwala, sannan ta shiga ƙulle kayanta.

"Ina zuwa?"

"Tsafe. Ba za a ce a hannuna kika gurgunce ba."

Murja ta dubi sandunanta, ta dubi nisan ƙofa. Sai ta koma abin da ta iya.

"Zauna, na ba ki tasoshin jerena."

"Albarka."

Wallahi sai da na toshe baki. Murja aka ce wa albarka!

"Da akuyar nan mai ciki."

"Albarka."

"Ke, wanga wane irin ciniki ne? Faɗi naki!"

"Kujera, har likita ya sallame ki. Salla a zaune, Allah ya san ƙugunki. In kina son tashi ki kira sunana da ƙarfi, ko wa ke ɗakin. Kuma ko ƙuli ɗaya kika miƙo mini, na tafi."

"Kiran dai, sai in babu baƙi."

"Albarka." Hajara ta ɗora ƙunshi a ka.

Ta kai bakin zaure. Murja ta dube ni, ni da zan kai labari kasuwa gobe, kuma ta sani. Idonta ya ciko.

"Hajara!" Muryar da take kiran masu saye da ita. "Dawo ki ɗaga ni, la'asar ta yi."

Hajara ta leƙo. "A nawa?"

"A yadda kika faɗa. Kujera, salla a zaune, kira a gaban mutane, kuma in ci alherinki ban biya ba. Ban taɓa sayen abu da tsada haka ba. Na saya."

"Na sallama."

Kafin a gama cirar gyaɗa Murja ta dawo rumfa da sanda ɗaya, Hajara na biye da kujerar a ka.

Darasi: Majinyaci, bi dokar ciwonka ko da ta taɓa girmanka, kuma ka bar naka su kama ka, ba kowane alheri ake mayar wa da kwano ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kwance, ya kuma isar wa masu jinyarsa.