Filin Cindo Mai Haƙar Kabari

Jama'a, ku matso kusa, ku saurara. An yi wani mutum a wani gari, can a zamanin da, ana ce masa Cindo. Bawan Allah ne, sana'arsa haƙar kabari. Kun dai san irinsu: ba a tuna su sai ranar kuka, ana share hawaye an manta da su. Shekara goma sha tara yana zaune a ɗakin aro a bayan gidan wani mahauci, shi da matarsa Kande da 'ya'yansu mata uku. Ɗaki ɗaya, jama'a! Idan damina ta sauka, sai Kande ta jera ƙore tana tarar yoyo.

To, gari ya yi ta cika, don kasuwarsa ta kafu, baƙi sai zuwa suke yi. Sai dattawa suka zauna da Dagaci suka yanke shawara. Akwai wani makeken fili gabas da maƙabarta, wanda kakanni suka bari ba noma ba gini, aka ce a yanka shi gida arba'in a raba wa marasa muhalli. Aka yi ƙuri'a. Ikon Allah, sunan Cindo ya fito, aka kafa masa turke a kusurwar filinsa. Kande ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Amma Cindo ko murmushi bai yi ba. Ku saurara, a nan maganar take. Ya san abin da duk garin bai sani ba. A daminar da ta wuce, yana haƙar kabari, sau biyu daginsa yana taɓa ƙashin mutum, ya mayar da ƙasa yana istigfari. Ya taka abin da ya rage na maƙabartar da ƙafarsa, ya auna da yawan mutanen da yake binnewa a shekara. Shekara shida ta rage. Bayan shida, babu inda za a sa kowa. Ashe kakanni ba wauta suka yi ba, makwanci suka ajiye wa waɗanda ba a ma haifa ba.

Da safe ya gaya wa Kande tana daka. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, shekara shida fa ka ce! Kafin nan Allah zai kawo wani filin."

Ya ce, "Daga ina, Kande? Yamma kududdufi, arewa dutse, kudu gidaje."

Ta ce, "To kai kaɗai ne mai ido a garin nan? Ga Liman, ga dattawa. Don Allah ka yi shiru, mu ma mu kwana a ɗakin kanmu ko sau ɗaya kafin mu mutu." Sai hawaye. Kada wanda ya ga laifin Kande a cikinku. Wallahi da ni ne, ban san abin da zan ce mata ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a ƙofar Dagaci, don a sa albarka, gobe a fara gini. Cindo ya zauna inda ya saba zama, can baya wajen takalma. Tun da yake bai taɓa buɗe baki a taro ba. Aka yi jawabai aka gama. Dagaci ya ce, "Akwai mai magana?" Kun san tambayar nan, ba don a amsa ake yin ta ba. Liman har ya ɗaga hannu zai yi fatiha.

Cindo ya miƙe. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Maƙabarta ta kusa cika. Shekara shida ta rage. Idan aka gina filin nan, 'ya'yanmu sai sun tone mu kafin su sami wurin kwanciya."

Sai wuri ya kaure. Wannan ya ce mugun fata yake yi wa gari, wancan ya ce a zaunar da shi. Sarkin Magina, wanda tuni ya sa an buga tubali, ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ke cin abinci da mutuwarmu shi zai tsara mana gari? Kasuwa yake nema wa kansa!" Aka yi dariya, irin dariyar da ta fi mari zafi.

Dagaci ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya daɗe yana duban Cindo, sannan ya ce, "Cindo, faɗa da baki ba wuya. Kai ma kana da turke a wurin. Naka fa?"

Cindo ya waiga. Ga Kande can cikin mata a gindin tsamiya, ta zuba masa ido, ta riƙe bakin mayafinta. Ya ratsa jama'a ya nufi filin, gari duka yana kallonsa. Ya kama turkensa ya jijjiga, ya jijjiga, har ya fita. Ya dawo ya durƙusa ya ajiye shi gaban Dagaci, da ƙasa a jikinsa. Ya ce, "Ga nawa, ranka ya daɗe."

Babu wanda ya sake dariya. Dagaci ya miƙe ya ce kowa ya biyo shi maƙabarta, Cindo ya auna a gaban idon jama'a. Aka je, aka gani.

Kada ku ɗauka kowa ya yarda. Mutum ashirin da shida suka cire nasu turken, sauran suka yi gininsu, wasu har suka mutu ba su sake gaisawa da shi ba. Kande ta yi wata guda ba ta yi masa magana sai dole. Gari ya yi ta zama yana neman inda za a sa marasa gida, aka shekara bakwai ana cike kududdufi da aikin gayya don a raba musu. Kafin layi ya zo kan Cindo, Allah ya karɓi abinsa. A ɗakin aron nan ya rasu. Amma jikokin waɗanda suka yi masa dariya, a filin da ya mayar aka yi musu sutura, ba a tone kakan kowa ba.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Abin da ka sani wanda zai cuci gari amana ce a wuyanka, ko da faɗinsa zai ci rabonka. Ku da ake kira taron unguwa ku ce ba ruwanku, ana gini a kan hanyar ruwa kuna gani, ana yanka filin makaranta kuna gani, kun yi shiru don an ba ku kusurwa: waɗanda ba a haifa ba ba su da bakin magana a taron nan sai naku. Idan aka ce "akwai mai magana?", ka tashi, ko daga wajen takalma kake. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da za ta ci namu.