Duwatsun Mande

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa. Ni ne Barba Tonchi, mutumin da tsibirinmu har yau bai san darajarsa ba.

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, Frane, da ƙanwarsa Mande. Da mahaifinsu ya rasu aka yi rabo yadda muka gada: namiji ya ɗauki gonar zaitun ta kan tudu, mace a ba ta duwatsun bakin teku, inda ko akuya ba ta kwana.

Ranar Frane ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce, "Ƙanwata, sai ki shuka gishiri."

Mande ta koma aiki a gonarsa. Shekara da shekaru tana tsinkar masa zaitun, ladanta tulun mai guda.

Kwatsam aka shimfiɗa titi, baƙi masu wankan teku suka cika gaɓar. Mande ta kafa laimomi a kan duwatsunta tana ba da haya, arziki ya zo har ƙofa.

Frane ya tare ta a shagon gahawa, ya ce ni da ke zaune a wurin zan yi hukunci. Ai dole, wa ya kai ni kai?

"A sake rabo!" in ji shi. "Ƙasa ta Allah ce. Ke kika haƙa tekun? Titin ma da harajinmu duka aka yi shi."

Na shafa gashin bakina, na ce yana da gaskiya.

Mande ta ce, "Yaya, lokacin da bayana ke karyewa a gonarka, ƙasar ba ta Allah ba ce? Bishiyoyin ma kakanmu ne ya dasa."

Na ce ita ma tana da gaskiya.

Sai Jure masunci, wanda bai mallaki ko taku ɗaya ba, ya ɗago kai. "Tun zamanin kakana a duwatsun nan muke shanya komar kamun kifi. Yanzu laimominki sun kore ni. In ta Allah ce, ina nawa rabon?"

Nan kaina ya ɗaure. Kowa da gaskiya, alƙali ne kawai ba shi da ita.

Mande ta ce, "Na yarda. A haɗa duwatsun da zaitun, a raba da Jure."

Frane ya zabura. "Zaitun ɗina? Da Jure? Haba! Rabon uba ba a taɓa shi!" Ya fice a rikice, har da hulata a kansa, sabuwa fil.

Washegari Mande ta janye laimomin gefe, Jure ya shanya komarsa. Frane ko tsakuwa bai samu ba. Ni kuwa da na sha wahalar shari'a, ko kan kifi ba a aiko mini ba. Har yau ban san mai ƙasar ba, hular dai na san tawa ce.

Darasi: Kada ya zama ba ka tuna ƙasa ta Allah ce sai ranar da ta maƙwabci ta fi taka albarka. In kana son adalci, fara aunawa daga gonarka. Ku tura wa 'yan uwa, ko Allah zai sa ya kai ga Frane ya maido mini da hulata.